Tsohon mawaƙin Led Zeppelin da gogen Bafulatanin Gambiya: wa ya saurari albam ɗin nan?

Baba_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Muna hanyar Zariya ɗana ya saka wani kiɗa a mota, waƙar farko ta fara da ɗan tsinke-tsinken banjo, can sai na ji goge ya shigo, goge sak irin wanda muka taso muna ji a gidan biki, na ce masa kai wannan na wane ne, ya ce Baba ai mutuminka ne Robert Plant. Ni kuwa Plant tun ina saurayi na san shi, akwai kaset ɗin Led Zeppelin, ƙungiyarsu ta kiɗan rok, da yayanmu ya dawo da shi daga karatu a Ingila, mun ji shi har zaren ya tsinke muka liƙe da jan farce muka ci gaba da ji. Albam ɗin sunansa Lullaby and... The Ceaseless Roar, na 2014. Na ji shi sau uku yanzu kuma ya shiga raina ƙwarai. Amma ina son jin ta bakinku, shin wannan har yanzu rok ne? Sannan gogen nan, girmama shi aka yi ko dai ado aka yi da shi don a burge Turawa?

Sadiq_Jita:
Wa alaikumus salam Baba. Ni gsky ban ɗauke shi rok ba. Na saurare shi tun fitowarsa ina jiran inda muryar nan za ta tsage sama kamar da, har ya ƙare ban ji ba, sai Turn It Up kawai ita ce ta ɗan motsa ni. Mutumin da ya rera Kashmir ta Zeppelin ya koma raɗa. A shekarar ma Jimmy Page mai jitar Zeppelin ya fara sake fitar da tsofaffin faya-fayan Zeppelin da ya gyara musu sauti, su na yi ta ji na bar wannan.

Malam_Rediyo:
Sadiq ƙanena, mutumin an haife shi a watan Agusta 1948, albam ɗin ya fito a Satumba 2014, wato yana da shekara 66. Kashmir kuma 1975 ne, yana ɗan 26. Shekara kusan arba'in tsakani. Maƙogwaro nama ne, yana tsufa. Abin da na fi girmamawa a wurinsa shi ne bai tsaya yana ƙaƙalo muryar ƙuruciya ba, ya nemo inda muryar take da ƙarfi yanzu ya zauna a nan. Ka koma ka ji A Stolen Kiss da daddare, fiyano ne kusan shi kaɗai da murya, babu inda zai ɓuya, ko numfashinsa kana ji. Wannan ya fi ihu wuya.

Baba, game da mai gogen, sunansa Juldeh Camara, Bafulatani ne ɗan Gambiya, daga Basse can gabashin ƙasar, kuma gado ya yi wajen mahaifinsa. Su a can riti suke ce wa abin.

Bello_Yola:
Malam_Rediyo ɗan gyara kaɗan, riti sunan da Wolof suke kira ne, Fulanin can nyanyeru suke cewa, mu nan Adamawa geegeeru. Na ji inda yake rerawa da Fulatanci a waƙar ƙarshe, Arbaden, Fulatancinsu ya bambanta da namu sosai, kalma ɗaya biyu nake tsinta, amma wlh tsigar jikina sai da ta tashi, don yadda yake jan muryar tana bin gogen haka kakana na wajen uwa yake yi.

Malam_Rediyo:
Na gode Malam Bello, na ƙaru.

Ummu_Khalil:
Ni tambayar Baba ta biyu ce ta dame ni. Sunan wa ke kan albam ɗin? Plant. Wa aka yi ta hira da shi a jaridu? Plant. Baƙin mutum ya kawo kayan gadonsa, an saka shi a waƙa uku ko huɗu ya ba ta ɗanɗano, kamar daddawa a miya, kowa ya sha ya yaba wa mai girki. Kuma kada mu manta tarihin mutanen nan, Willie Dixon, Baƙin Amurka mai rubuta waƙoƙin bulus, sai da ya kai Zeppelin kotu a 1985 kan waƙarsu Whole Lotta Love kafin aka sasanta aka sa sunansa. Wanda maciji ya taɓa sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ban yarda da su haka nan kawai ba.

Sadiq_Jita:
Anti Ummu a nan kam ina bayanki, duk da ina son Zeppelin maganar Dixon gaskiya ce.

Agali_Agadas:
Salam. Ni daga Agadas nake, bari in faɗi abin da muka sani ta nan gefen. Hajiya Ummu maganarki tana da tushe amma wannan tafiyar ba rana ɗaya aka fara ta ba. A watan Janairu 2003 Plant ya zo bikin hamada a Essakane, bayan Timbuktu, inda ba kwalta ba otal, ya kwana a tanti ya hau dandali ɗaya da Ali Farka Toure da Tinariwen da Oumou Sangare. Wanda ya raka shi, Justin Adams mai jita, shi ne ya yi aikin faifan farko na Tinariwen, ƙungiyar makaɗan Buzayen Mali, a gidan rediyon Kidal, daga baya ya sake yi musu Aman Iman a 2007. Kuma shi Adams ɗin da Juldeh sun yi shekaru suna kiɗa su biyu tun kafin Plant ya kira su, suna da faya-fayansu da sunan kowa a kai, Soul Science 2007, Tell No Lies 2009. To ka ga ba wai an je kasuwa an yi hayar mai goge na kwana biyu ba ne, ƙungiya ce da ta riga ta san juna, sun yi yawon duniya tare tun 2012 kafin su shiga situdiyo. A cikin albam ɗin ma Adams yana kaɗa tehardant, molon Buzaye ke nan, in kun kasa kunne za ku ji shi a ƙasa-ƙasa.

Abin da ke min ciwo shi ne bikin na Essakane ya mutu, tun 2012 da rikicin arewacin Mali ba a sake yin sa a gida ba.

Ummu_Khalil:
Malam Agali na ji, kuma ban san labarin faya-fayan su biyun ba, zan nema. Amma sanin juna daban, rabon riba daban. Albam ɗin da ya biyo baya, Carry Fire na 2017, babu Juldeh a ciki, an kawo wani Bature mai goge irin nasu. Ɗanɗano ya canja an canja daddawa.

Agali_Agadas:
Haka ne ba ya cikin na 2017. Amma Plant haka yake da kowa, har Turawan 'yan'uwansa, ba ya zama da ƙungiya ɗaya har abada.

DanZango_Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Abu ɗaya zan ƙara da ba wanda ya ambata, cikin kayan da aka rubuta Juldeh ya kaɗa har da kologo. Wannan namu ne na arewacin Gana, na Frafra wajen Bolgatanga, tsirkiya biyu a kan ƙwarya, ɗan'uwan gurmi da garaya ne. King Ayisoba da shi ya zagaya Turai. Kuma goge a wajen Dagomba gonje ake ce masa, a fadar Ya Na a Yendi ake kaɗa shi, masu shi suna da daraja ta makaɗan sarki. Shi ya sa in na zo Najeriya na ji ana kallon mai goge a wulaƙance nake mamaki.

Baba_Tudunwada:
Ɗan Zango ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu nan goge an jingina shi da bori da gidan magajiya, yaro in ya ce zai koya sai a ce ya lalace. Lokacinmu muna jin Garba Liyo a rediyo, muna jin kukumar Ahmadu Doka, yau ka nemi saurayi ɗaya a unguwarmu da ya san yadda ake ɗaura tsagiya ko a kafa jaki a kan fatar guza, babu. Akwai wani tsoho mai goge a bayan layinmu da, da ya rasu 'ya'yansa suka bar gogen a zaure har gara ta cinye ƙwaryar, na gani da idona. Sai ga shi wani ya ɗauki irinsa ya hau da shi babban dandalin bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila a 2014 gaban dubban mutane. Shi ya sa na kasa yanke hukunci, rabin zuciyata tana tare da Ummu, rabi kuma tana cewa mu da muka yar da abu a bola da wane baki za mu yi ƙorafi.

Hafsat_Gwale:
Baba Allah ya ƙara girma, amma ba duka muka yar ba. Fiyanon situdiyo ne ya cinye komai, furodusa ɗaya da kwamfuta ya maye gurbin makaɗa goma saboda ya fi araha, mawaƙi ba shi da kuɗin ɗaukar mai goge da mai kalangu da 'yan amshi. Talauci ne ya fi yawa a ciki ba raini kaɗai ba.

Malam_Rediyo:
Hafsat ai abin sha'awar shi ne wannan albam ɗin ma cike yake da kwamfuta. John Baggott mai fiyanonsu ya yi aiki da Massive Attack da Portishead, mutanen Bristol masu kiɗan na'ura, shi ke yanko ɗan guntun kiɗa ya sa ya yi ta maimaita kansa a ƙasa, sannan a ɗora ganga ta gaske da goge na gaske a sama. Billy Fuller mai bes shi ma ɗan wannan da'irar ne. Wato na'urar ba ta kori mai goge ba, shimfiɗa ta yi masa. An yi aikin a Wiltshire, wani ɓangare a Real World, situdiyon Peter Gabriel, Plant da kansa ne furodusa, Tchad Blake kuma ya haɗa yawancin sautin. Da furodusoshinmu na Kano za su zauna su ji Little Maggie, waƙar farkon nan, sau biyar da kunnen sana'a da sun ga hanya.

Hafsat_Gwale:
Malam su suna da kamfanin Nonesuch a bayansu da kuɗin Led Zeppelin a aljihu. Namu yaron da haya yake biyan situdiyo kuma wuta ma sai da janareta.

Malam_Rediyo:
Wannan ma gaskiya ce 'yata.

Abba_Fagge:
Ni dai abin da na ji shi ne mutumin nan ya yaga kwantiragin fam miliyan 500 da attajirin Ingila Richard Branson ya ba su don Zeppelin su dawo, saboda wannan albam ɗin. In haka ne kam ya cika namiji.

Sadiq_Jita:
Abba wannan labarin ƙanzon kurege ne, wata jaridar Ingila ce ta buga a Nuwamba 2014, wakilin Plant ya ƙaryata, Branson da kansa ya ƙaryata. Abin da yake tabbas shi ne sun haɗu sau ɗaya ranar 10 ga Disamba 2007 a O2 a Landan don tunawa da Ahmet Ertegun shugaban kamfanin faifansu, ɗan marigayi mai gangarsu John Bonham wato Jason ya zauna a gangar ubansa, mutum miliyan 20 suka nemi tikiti a zauren da bai wuce dubu 20 ba. Page ya so a ci gaba, Plant ya ƙi ya tafi yawon wasa da mawaƙiyar Amurka Alison Krauss. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe masa ba, don na kalli bidiyon daren nan, muryar tana nan, zai iya, ƙi ya yi.

Nana_Damagaram:
Sadiq ka yi haƙuri in ce maka wani abu a matsayin babbar yaya. John Bonham ba abokin aiki ba ne kawai a wurin Plant, tun suna samari a garuruwan tsakiyar Ingila suke kiɗa tare kafin a san wani Zeppelin. Ya rasu a Satumba 1980, a Disamba sauran ukun suka ce sun rufe. Kafin nan a 1977 ɗan Plant ɗan shekara biyar, Karac, ya rasu shi Plant yana can Amurka yana wasa, a waya aka gaya masa. Ni na rasa ɗa, na san yadda wuri yake zame wa mutum. Akwai gidan da na zauna shekara tara, in na bi ta layin yanzu sai na sauya hanya, ba don gidan ya yi min laifi ba. Ku masu kallo kuna ganin fitilu da tafi, shi wataƙila abin da yake gani daban ne. Ban ce na san zuciyarsa ba, amma ba zan zargi mutum don ya ƙi komawa ɗakin da ya yi kuka a ciki ba.

Baba_Tudunwada:
Allah ya jiƙan yaron Hajiya Nana, ya sa mai ceto ne.

Sadiq_Jita:
Amin ya Allah. Yaya Nana ban taɓa kallon abin ta nan ba, Allah ya ba da haƙuri.

Nana_Damagaram:
Amin na gode. Kuma albam ɗin kansa na mai komawa gida ne. Ya yi 'yan shekaru a Amurka, a Austin, bayan Raising Sand, faifansa da Alison Krauss, ya ci lambobin Grammy biyar a 2009 da kuma Band of Joy na 2010, sannan ya tattara ya koma yankinsu na kan iyakar Ingila da Wales. Shi ya sa a Embrace Another Fall za ku ji goge ta gefe guda, can kuma wata mata Julie Murphy ta shigo da tsohuwar waƙa da harshen Wales. Ni nan ne hawaye ya zo min, harshe ne da ban iya ba amma na gane kewa ce ake faɗa.

Ummu_Khalil:
Wannan wurin kam na yarda ya yi kyau. Ban taɓa cewa kiɗan ba daɗi ba.

Kabiru_Jos:
Ina ta karatu ban sa baki ba. Kan tambayar Baba ta farko, ko rok ne ko ba rok ba, ni ina ganin tambayar ce ma take da gyara. Banjo ɗin da kuka ji a farkon Little Maggie, wadda tsohuwar waƙar mutanen duwatsun Appalachia ce, asalinsa daga ina? Bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka ne suka ƙera shi a can da ƙwarya da fata, irin akonting na Jola a Senegal da Gambiya, dangin su molo da gurmi. Poor Howard da ke cikin albam ɗin kuma daga waƙar Lead Belly aka samo ta, Baƙin Amurka. Daga irin wannan kiɗan bulus ya fito, daga bulus rok ya fito. To in Bagambiye ya tsaya da gogensa kusa da banjo, ba baƙo ba ne ya shigo gidan, kawu ne ya zo ganin jikokin 'yar'uwarsa. Ni a ganina wannan ya fi wasu faya-fayan masu ƙarar jita zama rok.

Abba_Fagge:
Kabiru ka burge ni wlh.

Ummu_Khalil:
Kawun ya zo, amma a zaure aka sauke shi ko a ɗakin maigida? Tambayata ke nan tun ɗazu.

Agali_Agadas:
Hajiya ki nemi bidiyon wasanninsu na 2013 da 2014 ki gani. In suka ɗauko tsofaffin waƙoƙin Zeppelin irin su Black Dog, a tsakiya Plant yakan ja baya ya ɗauki bandiri, Juldeh ya fito gaba da gogensa yana rerawa da Fulatanci, wurin da da jitar Page ce ke magana. Masoyan Zeppelin da yawa sun ji haushin haka, irin su Sadiq. Wanda aka sauke a zaure ba a ba shi wannan wurin. Kuma mu nan mun ga amfanin ƙofar da irin wannan ya buɗe, Bombino ɗan garinmu faifansa Nomad ya fito 2013 aka san shi a Amurka, daga baya Deran ya kai shi takarar Grammy, Mdou Moctar ma ga shi nan. Ban ce Plant ne ya yi su ba, hannunsu ne ya yi su, amma kunnen Turawa sai da aka yi ta shirya shi shekara da shekaru.

Sadiq_Jita:
Malam Agali ka faɗi daidai, na ji haushi lokacin da na ga an sa goge a Black Dog. Har yanzu ma ban gama saba wa da shi ba.

Hafsat_Gwale:
To ya kasuwa ta karɓe shi? Don wani lokacin masu sharhi su yaba jama'a su ƙi saya.

Malam_Rediyo:
Ya yi kasuwa daidai gwargwado, ya kai na 2 a jadawalin Ingila, na 10 a Amurka, kuma yawancin masu sharhi sun yaba, wasu suka sa shi cikin mafi kyawun abin da ya yi shi kaɗai tun Pictures at Eleven na 1982. Shi ne na goma a nasa na kansa, waƙa 11. Amma bai kama ƙafar Raising Sand ba a ciniki, wancan ya shiga gidajen da ba su taɓa jin Zeppelin ba. Kuma ku sani son kiɗan wannan yankin tsoho ne a jikinsa, tun farkon shekarun 1970 yake zuwa Maroko, ya sha faɗin yadda muryar Ummu Kulsum ta Masar ta canja masa tunani kan waƙa, a 1994 shi da Page suka yi kiɗa da 'yan Gnawa, makaɗan gargajiya na Maroko, a Marrakesh da makaɗan Masar. In ado ne to adon shekara arba'in ne.

Bello_Yola:
Ni abin da zan so sani shi ne me mutanen Basse suke cewa in sun ji. Mu duk muna magana daga nesa.

DanZango_Kumasi:
Wannan tambaya ce. Akwai 'yan Gambiya a zangonmu, in na haɗu da mai sayar da yadin nan zan saka masa in ji.

Baba_Tudunwada:
Madalla Ɗan Zango, ka dawo mana da abin da ya ce. Jiya da daddare na sake saka shi bayan isha, maiɗakina tana tsakar gida tana tankaɗe, da gogen ya shigo sai ta tsaya ta ce wannan ba irin kiɗan da aka yi a bikin yayarta a Funtuwa ba ne, na ce mata Bature ne da Bafulatanin Gambiya, ta ce in mayar baya ta sake ji. Sadiq, in ka samu lokaci ka zo gida ranar Asabar mu ji shi tare a babbar sifika, ka taho da jitarka. Ummu, maganar zaure da ɗakin maigida ban da amsarta har yanzu.

Ummu_Khalil:
Ni ma ban da ita Baba. Na samo Tell No Lies yanzu, shi nake ji.

Sadiq_Jita:
In sha Allah Baba zan zo bayan la'asar. Amma sai mun fara da Kashmir.